Sarkin da Ya Kwashe Maƙesun Fadama

An ce wani sarki ya tsufa, yanar ido ta fara rufe masa gani. Masu magani suka ce ganinsa ba zai kai wata damina ba. Da aka tambaye shi abin da yake marmarin gani kafin duhu ya rufe, bai ambaci dawaki ko taskoki ba, sai ya ce maƙesu, ƙwarin nan masu ƙyalli da magariba. Ya tuna yana yaro suna bin su a fadamar bayan gari, su kama su murje a goshi, su yi ta tsorata juna.

To, ka san sarki, ba ya zuwa wurin abu, sai dai abu ya zo. Ya sa aka yi shela kowane gida ya riƙa kawo gora cike da maƙesu. Kullum a juye masa a ɗaki, su yi ɗan ƙyalli, da safe a share gawarwaki. Haka aka yi ta yi, amma ransa bai yi fari ba.

Sai ya kira wani tsohon masani, Malam Tanimu, ya ce, "Me ya sa waɗannan ba su kai na ƙuruciyata haske ba?"

Malam ya ce, "Ya sarki, na ƙuruciyarka a gidansu ka same su. Mu je can."

Bayan sallar magariba aka kai sarki bakin fadama. Ya duba gabas, ya duba yamma, duhu ƙirin, sai kukan kwaɗi. Sai ya ce, "Malam, gaya mini gaskiya, idon ne ya tafi?"

"Idonka da saura, ya sarki. Fadamar ce ta makance."

"Ai mu ma mun kama muna yara, ba su ƙare ba."

Malam ya ce, "Yaro hannu biyu gare shi, kuma uwa na kiransa ya zo cin tuwo. Sarki hannu dubu gare shi, kuma ba mai kiransa."

Sarki ya zauna a kan ɗanyar ciyawa ya yi kuka, wallahi abin tausayi. Ya hana kamun tun daga ranar. An ce maƙesun sun komo bayan wasu shekaru, yaran gari suka gan su, shi kuwa sai dai a ba shi labari.

Shi ya sa masu hikima ke cewa, wanda ya kwashe abin kowa don kansa, shi ma yana cikin waɗanda ya hana.