Mutumin da ya sallami masu ƙafa

An taɓa yin wani mutum a nan Illela. Ba zan kama suna ba, don yana raye, kuma ni ma in aka tona ba za a rasa abin faɗa ba.

Ya buɗe gidan kula da tsofaffi, irin waɗanda 'ya'yansu suka bazu neman abinci Legas da Yamai. Tsofaffin kashi biyu ne, masu ƙafa da na kwance. Na kwance sai an juya su, an wanke su, an ba su abinci a baki, don haka abin da 'ya'yansu ke turowa ya fi kauri, wani ma da sefa, kuɗin Nijar. Masu ƙafa kuwa biyansu kaɗan, ga cin tuwo, ga surutu.

Ya 'yan uwa, Shaiɗan ba ya zuwa da ƙaho. Da shawara yake zuwa. Ya raɗa masa cewa gado dai gado ne, don me zai bar shi ga mai arha?

Sai mai gidan ya shiga sallamar masu ƙafa, yana cike gurbinsu da na kwance. Na ƙarshe shi ne Jaɓɓo, wani tsohon makiyayi daga Tozai.

Jaɓɓo ya ce, "Alhaji, mi na yi?"

Ya ce, "Ba ka yi komi ba, Baba. Lahiya ta yi maka yawa."

Kuɗi ya shigo, ba ƙarya. Amma gida ya yi tsit. Ashe masu ƙafan nan su ne ke zama bakin gadon na kwance, su kore musu ƙuda, su ce musu an kira salla, su tsokane su har su yi dariya. Ma'aikata kuwa su juya mutum su wuce, aiki ya yi musu yawa.

Rannan wani tsoho, Malam Nu'man, ya cika tsakanin azahar da la'asar, fuskarsa na kallon bango. Sai da aka kawo kunu aka sani.

Ɗansa Mannir ya ƙetaro daga Ƙonni. Mai gidan ya shirya amsa kan magani da abinci. Mannir bai tambayi ko ɗaya ba.

Ya ce, "Alhaji, wa yal laƙƙana ma Baba kalmar shahada?"

Mai gidan ya dubi ma'aikata, ma'aikata suka dubi ƙasa.

Tambayar nan ta riga Mannir isa kasuwa. Wane ɗa ne zai ji haka ya iya barci? Aka dinga zuwa da mota da amalanke, kowa na ɗauke nasa.

Yau 'yan albasa ne ke hayar ɗakunan. Shi kuma mai gidan yana zaune ƙofar gida kan tabarma mai ɗaukar mutum biyar. Yana riga kowa gaisuwa. Ana amsawa, ba a tsayawa.

Ya 'yan uwa, tsoho ba buhu ba ne da za a ɗora a sikeli. Wanda ka raba da mai hira da shi, ka raba shi da mai tuna masa Allah. Ni da gwiwata ta fara ƙara in na taso daga sujada, ban san kashin da za a sa ni ba.

Allah ka tsare mu da irin wannan lissafi, kada ka ɗauki ranmu babu kowa a gefe.