Kurege da Tsidau a Hanyar Keke

Ga ta nan ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku yi shiru. Ba na maimaita magana.

A wani gari na dabbobi, kusan kowa da kekensa. Shi ne gona, shi ne kasuwa, shi ne asibiti. Duk ranar Laraba sai a taru gindin tsamiya a yi gayyar gyara. Tsoho Kunkuru ne babban makaniki. Biri na ɗaure kaca, Zomo na buga famfo. Ba a karɓar ko sisi. Doka ɗaya ce: wanda aka gyara wa keke, shi zai kawo ƙosai a ci.

Kurege ba shi da keke, amma yana da ciki. Aikinsa tsoma robar taya cikin kwanon ruwa, in ya ga kumfa ya yi ihu, "Ga hujin nan!" Sai a yi faci, sai a kawo ƙosai, sai ya ci na mutum uku.

To gyara ya yi kyau, kekuna suka daina lalacewa. Ƙosai ya ja baya. Kurege ya fara ramewa.

Sai ya shiga daji ya tsinto tsidau, ƙayar nan mai ƙahoni, ya cika burgame, jakarsa ta fata. Ya zuba a gindin kanya. Ya zuba a kwanar gonar dawa. Ya zuba a gangaren rafi.

Laraba ta zo, kekuna suka yi layi. "Ga hujin nan! Ga hujin nan!" Kurege ya ci har wuyansa ya yi kauri.

Kunkuru ya juya taya, ya zare ƙaya, ya ce, "Wannan ba iska ta kawo ta ba."

Kurege ya lashe yatsa ya ce, "Baba, ni ban kama sunan kowa ba. Amma a garin nan wa ke yawo da ƙaya a jiki?"

Kowa ya waiga ya dubi Iya Bushiya, ungozomar gari. Tsohuwa ta miƙe. Ta ɗaure kayanta ta koma ƙauyen tsallaken rafi.

Ana nan ana nan, ran nan da hantsi naƙuda ta kama matar Kurege. Haihuwar fari. Abu ya ƙi gaba ya ƙi baya. Mata suka leƙo suka ce, "In ba a kawo Iya Bushiya ba, za a rasa uwa da ɗa."

Kurege ya ruga gindin tsamiya, hula a hannu. "Jama'a, ku taimake ni!"

Ba wanda ya tsaya tambaya. Biri ya haye kekensa, fiii! Yana kaiwa gindin kanya, sai fuss! Ya dawo yana turawa. Ya hau na Zomo, ya kauce wa kanya, yana kaiwa kwanar gonar dawa, sai fuss! Sauran kekuna duk suna kwance ciki waje, suna jiran faci.

Kunkuru ya jawo tsohon kekensa daga bayan tsamiya. Ya ce, "Shi kaɗai ya rage. In ya sace, sai addu'a."

Kurege ya shiga lissafi. In ya yi shiru, matarsa. In ya yi magana, wuyansa.

Sai ya ce, "Baba, akwai wani sirri na gidanmu. Wutsiyata tana jin warin ƙaya. Gado ne daga kakana."

Kunkuru ya dube shi ya daɗe. Ya ce, "Ashe? To shiga gaba, ɗan baiwa."

Kurege na gudu a gaba, Biri na taka keke a baya. Gindin kanya, ya share da wutsiya. "Wayyo!" Kwanar gonar dawa, ya share da wutsiya. "Wayyo Allah!" Gangaren rafi, ya share, ya share, hawaye na zuba.

Biri ya ce, "Kai, wutsiyar nan ta san hanya kamar ita ta shuka."

"Taka feda, malam, ba lokacin hira ba ne!"

Suka iske Iya Bushiya tana tankaɗe a ƙofar gida. Ta dubi wutsiyar Kurege, ta ga ta yi cunkus da tsidau, ta kumbura kamar tsintsiya. Ta ce, "Ikon Allah. Yau kuma wa ke yawo da ƙaya a jiki?"

Kurege ya zube ƙasa. "Iya, shigar 'yan gidanku na yi, ko kya dube ni da idon dangi. Jikanyarki, matata, na can a durƙushe."

Tsohuwa ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Ta ce, "Ba don halinka ba, ɗan nema." Ta ɗauki ƙullin maganinta. Aka shimfiɗa tsumma a kariyar bayan keke, ta hau, ta ce wa Biri, "Kada ka jingino, ba ruwana."

Kafin azahar aka ji guɗa. 'Yan biyu, uwa lafiya.

Ranar suna duk 'yan gayya suka zo a kan kekunansu. Kurege ne ya sayi ƙosai, daro guda, yana kallo ana ci. Kunkuru ya goge baki ya ce, "Jama'a, Allah ya ba garin nan wutsiya mai jin warin ƙaya. Baiwa ba a barinta ta kwanta. Daga yau sharar hanya ta Kurege ce, kullum safe."

Kurege ya dubi wutsiyarsa. Ya ce, "Na karɓa, Baba. Amma mai shara ma ɗan gayya ne. Duk Larabar da keke bai sace ba, ai aikina ne ya yi kyau. Wa zai kawo ƙosai?"

Kunkuru ya girgiza kai. "Ɗan banza. A ba shi."

Shi ya sa har gobe, in kana bisa keke a hanyar ƙauye, za ka ga Kurege ya gilma a guje, wutsiya buzu-buzu. Kada ka jefe shi. Aiki yake.

Ƙurunƙus kan tsidau. Wanda duk zai shuka ƙaya, ya fara duba bayansa ko yana da wutsiya. Ku ba ku da ita. Ku tashi ku ba ni wuri.