Beguwa da Allon Ubanta

Ga ta nan, ga ta nanku, har da mai gyangyaɗin can!

Ta zo mu ji ta, Iya!

To, a rufe baki. Ba na maimaita magana.

An yi wata Beguwa, ubanta mai zayyana ne. Yaro in ya sauke Alƙur'ani, shi ke ƙawata masa allo da ja da kore da ruwan ɗorawa, da ƙayar jikinsa yake jan layi. Da ya rasu, allo ɗaya tak ya bar mata.

Ran nan Dila ya zo talla. Ya ce, "Gwaggo, me za ki yi da tsohon katako? Gara ce za ta ci. Ga faranti mai ƙyalli." Beguwa ta ga fuskarta a faranti, ta miƙa allo. Damina na zuwa faranti ya yi tsatsa.

Ana nan, har furfura ta fito mata. Sai labari ya zo cewa a birni akwai gidan adana kayan addini na dā, bayan la'asar ake zagayawa da baƙi. Matan unguwa suka shirya, Beguwa ta bi su.

Zalɓe ne jagora. Ya ce, "A tuɓe takalma. Ido ya gani, hannu ya kwanta."

Ɗakin farko, Alƙur'anai ne rubutun hannu cikin gafakar fata. "Ido ya gani, hannu ya kwanta." Ɗaki na biyu, fitilun masallaci da tasbahohi. "Ido ya gani, hannu ya kwanta." Suna shiga na uku, Beguwa ta tsaya cak. Ga allon ubanta can a bango, bayan gilashi.

Zalɓe ya nuna da dogon bakinsa. "Wannan, daga ƙasashe ake zuwa kallonsa. Alhaji Dila ya kawo mana, Allah ya saka masa. Wanda ya zana kuwa, ba a sani ba."

Beguwa ta kai hannu.

"Hajiya, hannu ya kwanta!"

"Na ubana ne! A gabana ya ja layin nan!"

Zalɓe ya ce, "Alhamdulillahi, mun daɗe muna cigiya. Faɗi sunansa, duk baƙon da ya zo ya yi masa addu'a."

Ta ce, "Baba."

"Hajiya, kowa da babansa."

Ta ce, "Malam."

"Malam wa?"

Ashe ba ta san sunan ba. Uwarta don kunya ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "mai gida". Ita kuma ɗiya ce, ina ta ga bakin tambaya? Ta juya ga ƙawarta Bushiya. Bushiya ta ce, "Wallahi mu ma Malam muka sani." Tsofaffin da suka sani kuwa duk ƙasa ta rufe musu ido.

Ladan ya kira magariba. Zalɓe ya ce, "Sai haƙuri, za mu rufe." Beguwa ta tsaya a bakin ƙofa, takalmi a hannu, tana waige har aka ja ƙyaure. Har gobe Dila ake yi wa addu'a.

Kun ji. Kunya ado ce, amma ba ta hana tambaya a bayan ɗaki. Abin da tsoho ya bar maka, ko katako ne, riƙe. Ni nan ban yi boko ba, amma kakannina na san su har na bakwai.

Ƙurunƙus kan gafiya. A kashe fitilar nan, kowa ya nemi tabarmarsa.