Kunnen Mai Gyaran Waya

An yi wani mutum a nan Rano, ba da daɗewa ba, mai gyaran waya. Ba zan kama sunansa ba, ya 'yan uwa, don ba tonon asiri ne ya tara mu ba. Injiniya ake ce masa, mu ma haka za mu kira shi.

Shagonsa ɗan ƙarami ne a gefen tasha, bango ɗaya ya raba shi da masallacin da direbobi ke sallah. Mutumin nan Allah ya ba shi hannu. Wayar da aka fid da rai da ita, in ta shiga wurinsa sai ta farfaɗo. Daga Kibiya ake kawo masa, daga Tarai, daga Lausu, har Fulanin ruga kan aiko da nasu ranar kasuwa a ƙulle cikin leda.

Ba ya rowar sani kuma. Kana tsaye zai ce maka, "In wayarka ta faɗa ruwa kada ka yi saurin kunna ta, kunnawar ce ke ƙone ta. Masu tusa ta cikin shinkafa kuwa, shinkafar kawai suke ɓatawa." In caja ka kawo sai ya jinjina ta a tafin hannu, in ya ji ta sakayau ya ce ka yar. Batirin da ya kumbura, ya ce kada ya kwana a ɗakinka. Wayar da ta ƙi caji, kafin ya kwance ta sai ya sa tsinken sakace ya zaƙulo dattin aljihu daga bakinta, ya miƙa maka abinka yana dariya. Akwai kuma wadda kullum yake nanatawa, kan bulutut, wato abin nan da ke haɗa waya da lasifika ba tare da an jona komai ba. Yakan ce, "In ka gama da shi ka kashe. Waya ba ta mantuwa. Abin da ta taɓa haɗuwa da shi, in ta sake jin yana kusa, da kanta za ta koma masa."

Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

To, kun san yadda muke yi. Ka kai waya gyara, a tambaye ka lambar buɗewa, ka faɗa ko tunani babu, a rubuta a ɗan salatif a manna a bayanta, ka juya ka yi tafiyarka. Mabuɗin ɗakinka ba za ka miƙa wa wani haka ba. Alhali abin da ke cikin wayar ya fi abin da ke cikin ɗakin. Da yawanmu ba ma rubutu, magana muke yi mu aika. Kukan da 'ya ta yi wa uwarta yana ciki. Cutar da magidanci ke ɓoye wa abokansa tana ciki.

Ranar farko, wallahi gwaji kawai Injiniya ya yi. Ya canza sifikar wata waya, ya kunna saƙon murya ɗaya don ya ji ko ta fita sosai. Ta fita. Sai dai bai kashe ba har maganar ta ƙare, kuma ya ji daɗinta. Daga nan ya zama kowace waya sai an gwada sifikarta, ko da gilashi ne ya fashe. Wanda ya fi yi masa daɗi sai ya kwafe a memori ya sa a wayarsa. Ya sayi ɗan abin kunne mara igiya. Ka gan shi ya duƙufa, hayaƙin dalma na tashi daga bakin ƙarfen liƙinsa, yana murmushi shi kaɗai, ka ɗauka wa'azi yake saurare.

Bai taɓa yi wa kowa barazana da abin da ya ji ba. Da wannan yake lallashin kansa. Yakan ce a ransa, ji kawai na yi, wa na cuta?

Cikin masu zama a bencin ƙofar shagonsa akwai Shitu, direba ne mai jigila tsakanin Rano da Kano. Matarsa Mas'uda 'yar Tarai ce, 'yarsu ɗaya, Ikram, wadda sai da aka yi wa uwar aiki aka ciro ta. Wata rana Shitu ya kawo wayar Mas'uda, ta faɗa bahon wanki. Injiniya ya busar da ita, ya tashe ta, ya gwada sifika yadda ya saba. Saƙo na ƙarshe da ta aika, ga yayarta Hadiza ne. Tana kuka tana gaya mata likita ya ce in ta sake ɗaukar ciki da wuya ta tashi, don haka tana shan ƙwayar hana ɗaukar ciki a ɓoye, ta kasa gaya wa mijinta. Injiniya ya ji duka, daga farko har ƙarshe, ya kwafe.

Bayan 'yan kwanaki ana hira a bencin nan, Shitu ya tsokane shi, ya ce wai Injiniya guda amma gilashin wayarsa a fashe. Aka yi dariya. Abin bai kai ya kawo ba, amma Injiniya ya ji dole ya rama. Ya ce, "Kai dai je ka duba ƙasan garwar gero a gidanka, ka ga abin da ya hana Ikram samun ƙani."

Dariyar da yake nema bai samu ba. Ai ba a kawo zancen iyalin mutum majalisa. Shitu ya tashi ya shiga motarsa.

Ku lura, ya 'yan uwa, rabi ya faɗa. Ya faɗi ƙwaya, bai faɗi likita ba.

Kwana biyu Shitu ya dawo, ya jira sai da shagon ya zama ba kowa. Idonsa ya faɗa. Ya ce, "Injiniya, na haɗa ka da Allah, a ina ka ji maganar nan? Na sami ƙwayoyin. Ta ce likita ne ya hana ta, wai ranta ne a kai. Yayarta ma haka ta ce, amma ai bakinsu ɗaya. Gaskiya ne, ko rufe ni suke yi?"

Wayar da Injiniya ya kwafe saƙon a ciki tana aljihunsa. Dannawa ɗaya ta isa Shitu ya ji kukan matarsa, kukan da ta yi tun ba ta san za a kama ta ba. Amma in ya danna, gobe wa zai sake kawo masa waya? Ya duƙar da kai yana goge bakin ƙarfen liƙi, ya ce, "Ni a bakin mata na tsinta. Zancen likita kam ban ji ba."

Ba na wanke Shitu. Da ya taka zuwa asibiti ya tambaya, da ya ji, amma fushi ya rufe masa ido. Ita ma baiwar Allah, da ta daure ta gaya masa tun farko, da ya fi. Tsoro ne ya hana ta. Ya ce mata ko ƙwayar ko aurensa. Ta zubar da ƙwayar.

Shekara ba ta zagayo ba aka kawo gawarta daga asibiti, ita da abin da ke cikinta. Injiniya yana cikin waɗanda suka kama makara. Ya ji nauyinta a kafaɗarsa, ya kuma ji wayar tana bugun cinyarsa har maƙabarta.

Da ya dawo shago ya ciro ta zai goge saƙon. Sai ya ce bari ya ƙara ji sau ɗaya, ko da ma bai ji daidai ba ne, ko ba ta ambaci likita sosai ba. Ya ji. Ta ambata. Washegari ya sake cewa sau ɗaya. Haka ya yi ta yi, ya kasa gogewa, ya kasa dainawa. Murmushin nan ya ɓace. Ya rame, mutumin da ke liƙa abin da ido ke gani da ƙyar ya koma ƙona wayoyin mutane. Har ta kai ba sai ya kunna ba. Da rana tsaka, motoci na hon, 'yan kamasho na kiran Kano, sai ya ji ta a bayan kunnensa tana cewa, "Yaya, ina jin tsoro." Ya waiga, ba kowa sai wayoyi jere a kan kanta, kowace da lambarta a baya.

Ana nan, masallacin ya sami sabon injin lasifika. Wa zai haɗa in ba Injiniya ba? Ran wata kasuwa da hantsi ya haɗa, fisabilillahi. Ya kunna bulutut ɗin wayarsa ya sa karatu don gwaji, aka ji ya fita tar, aka sa masa albarka. Aka kashe injin, ya koma shago.

La'asar ta gabato. Tasha ta cika maƙil, 'yan kasuwa na neman motar gida. Shitu yana tsugune a ƙofar masallaci da buta. Malam Habu ladan ya kunna injin, ya fita kurkure baki kafin ya yi kira. A daidai lokacin Injiniya ya cusa abin kunnensa a kunne, bai san cajinsa ya ƙare ba, ya danna saƙon. Bai ji komai ba. Ya ƙure ƙarar.

Sai muryar ta sauko daga sama.

"Yaya Hadiza, ki saurara ke kaɗai, in kin ji ki goge."

Injiniya bai motsa ba. Ya ɗauka irin wadda ya saba ji ce, yau dai ta zo da ƙarfi. Ya toshe kunnuwansa da tafin hannu, bai ko tuna da wayar ba. Ita kuwa muryar ta bi kan rumfunan kasuwa, ta shiga gidaje.

"Likita ya ce aikin da aka yi min a haihuwar Ikram bai bar min ƙarfi ba, in na sake ɗaukar ciki da wuya in tashi. Ina shan ƙwayar, a ƙasan garwar gero nake ɓoyewa. Na kasa gaya wa Baban Ikram. Kin san yadda yake son ɗa namiji. Kada ya ga kamar na ƙi shi ne. Wallahi ban ƙi shi ba."

Butar ta kife daga hannun Shitu. Mata masu sayar da nono suka sa salati, don akwai 'yan Tarai a ciki, sun san muryar, sun kuma san wata nawa da binne mai ita. Injiniya ya fito daga shago a gigice, wayar a hannunsa, yana kallon sama yana cewa, "Ki yafe min! Ki yafe min!" Malam Habu ya ruga ya fizge wutar injin. Lasifika ta ɗauke. Muryar ta koma wayar da ke hannun Injiniya, 'yar siririya, ta ƙarasa a gaban kowa.

"Yaya, ina jin tsoro."

Yayar ta goge, kamar yadda aka roƙe ta. Mas'uda ma ta goge nata ranar da aka mayar mata da wayar. Duk duniya mutum ɗaya ne ya ajiye.

Shitu ya tako, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Jama'a suka dare, ana jiran duka. Bai ɗaga hannu ba. Ya ce, "Ranar da na zo na tambaye ka, wannan tana aljihunka?"

Injiniya ya dubi wayar da ke hannunsa.

Shitu ya ce, "Ni ina da tawa amsar da zan bayar a kanta. Kai kuwa da Allah na haɗa ka. Ka je ka ba shi taka."

Kafin magariba kantar shagon ta zama wayam. Kowa ya zo ya karɓi wayarsa, wadda aka gyara da wadda ke kwance gunduwa-gunduwa, a zuba masa a leda ya tafi. Ba wanda ya zage shi. Kallonsa kawai suke yi, kowa na tambayar kansa, ni kuma me ya ji nawa? Matar Injiniya ta kwashe 'ya'yanta ta tafi gidansu, ta ce ba za ta iya ɗaga ido a unguwa ba.

Yanzu yana Durba, a zauren wani kawunsa. Na gan shi da idona. Auduga ce cushe a kunnuwansa biyu. Ba ya taɓa waya. Abin da ya fi sa ni kuka shi ne wannan: kun san 'yar ƙarar nan da lasifika ke yi in an kunna ta, kafin ladan ya buɗe baki? Da ya ji ta sai ya zabura ya yanki gona da gudu. Musulmi ɗan Musulmi, sau biyar a yini yana gudun kiran sallah, don bai san muryar wa za ta fito ba.

Ya 'yan uwa, me ya sata? Ko allura bai ɗauka ba. Ji ya yi. Malamanmu sun gargaɗe mu cewa mai kasa kunne ga zancen mutane alhali ba sa so, narkakkiyar dalma za a zuba masa a kunne ranar sakamako. Mutumin nan kullum da hannunsa yake narka dalma, yana shaƙar hayaƙinta, bai taɓa tsayawa ya yi tunani ba.

Kada kuma ku ce wannan na masu gyara ne, ku gyara zama. Kai da aka ba ka waya ka sa wa tsohuwa lamba, me ya kai ɗan yatsanka cikin saƙonninta? Ke da ƙawarki ta bar tata a caji a ɗakinki fa? Kai da aka turo maka muryar wani, ka san bai yarda ba, ka tura gaba? Waya amana ce. In ta shigo hannunka, yi abin da aka ba ka ita dominsa, ka mayar. In kuwa ka riga ka ji abin da bai kamata ka ji ba, ka binne shi. In har ka yi ɓarna da rabinsa, to kada tsoron kunya ya hana ka fito da sauran, tun mai shi yana da rai.

Injiniya ya sami wannan damar. Ta zo har shagonsa, ta tsaya a gabansa, ta haɗa shi da Allah.

Allah ya jiƙan Mas'uda, ya raya abin da ta bari. Shi kuma bawan nan, Allah ya dube shi da rahama, ya ba shi ikon tsayawa ya ji kiran sallah har ƙarshe. Allah ya kiyaye kunnuwanmu daga abin da ba namu ba, ya kiyaye mu daga ranar da za a kunna abin da muka ɓoye. Amin.