Ranar da Sirdin Akawal Ya Dawo Gida a Ka

Akwai wani dattijo a wani ƙauye da ke yankin Gangara, ta ƙasar Jibiya, ana ce masa Malam Ahmadu Mai Doki. Jama'a, ku karanta wannan a natse, don ni kaina da nake rubuta shi raina ba daɗi.

Malam Ahmadu ya yi zamaninsa da dawaki. Da girma ya zo, hakiya ta rufe masa idanu duka biyu, ya sayar da dawakinsa kaf, ya bar guda ɗaya. Wani baƙin doki ne mai suna Akawal, wanda aka haifa a gidan, a gabansa.

Shi ma Akawal ya tsufa, amma ya san hanyoyin maigidansa tamkar mutum. Ranar Juma'a Malam zai hau, ya saki linzami a wuyansa, ya ce, "Masallaci." Dokin zai kai shi har gindin bishiyar bedin da yake sauka, ya tsaya cak. Haka gona, haka gidan 'yarsa da ke aure a Daddara. Ba ɗan jagora, ba roƙon kowa. Da wannan dokin Malam ya tsira da mutuncinsa cikin makanta.

To, akwai ɗan ƙanwarsa, Mudathir, wanda ya tashi a hannunsa tun yana ƙarami. Malam ne ya koya masa hawa da duk wata hidimar doki. Yanzu ya zama magidanci, yana sayar da kayan gyaran babur a Magama, bakin iyaka. Ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Cutarsa ɗaya ce, ba ya jure a yi masa dariya.

A shekarun da hanya ke da lafiya, shi da abokansa masu sha'awar dawaki sukan shirya kilisa mai nisa cikin bazara. Su tsallaka Nijar a kan dawaki, su yada zango a bakin tafkin Madarunfa, su kafa tantuna, su yi shayi, su gasa nama, sannan su juyo. Mota mai buɗaɗɗen baya ce ke bin su da tabarmi da harawa da buhun gero.

A wata shekara, dokin da Mudathir ya saba hawa ya yi targaɗe ana gab da tafiya. Ya nemi aro ko'ina bai samu ba. Sai ya nufi gidan kawunsa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi ta kewaye-kewaye.

Malam ya yi murmushi ya ce, "Mudathir, mi ke tafe da kai? Wannan gaisuwa ta yi tsawo."

Ya ce, "Kawu, Akawal nake so ka ara mini. Mu je mu dawo, wallahi ba abin da zai same shi."

Inna Hasiya, matar Malam, tana daga bakin madafa ta ajiye muciya. Ta ce, "Haba Mudathir! Idanun kawunka za ka ara? Malam, don Allah kada ka yarda."

Malam ya juya fuska wajen Mudathir. Bai taɓa hana yaron nan komai ba tun ranar da aka kawo masa shi maraya. Can ya ce, "Ɗauke shi. Amma ka ji ni da kyau. Akawal ba ya sukuwa, shekarunsa sun wuce nan. In kun sauka zango, kada ka zauna. Ka sassauta masa sirdi, ka ja shi ka yi ta zagayawa da shi har gumin ya bushe. Sannan ruwa, kaɗan-kaɗan. Hatsi kuwa sai ya huce sarai."

Mudathir ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai da wannan karatun na girma."

"Na sani. Tuni nake yi maka."

Da safe Malam da kansa ya lalubo sirdi ya ɗaura. Ya shafa gezar dokin, ya sa baki a kunnensa ya faɗi abin da ba wanda ya ji. Ya tsaya a ƙofar gida yana sauraren kofato har sautin ya ɓace.

Tafiya ta fara da daɗi. A Magama jami'an iyaka suka yi ta zolayarsu, suna tambayar ko dawakin ma sun zo da fasfo. Jandarmomin Nijar suka ɗaga musu hannu suka wuce. Suka bar titi suka bi hanyar gonaki, mata da yara na fitowa kallo.

Akawal na tafe a hankali, a can baya, irin tafiyar da ya saba yi da makaho. Nan fa tsokana ta tashi. Wani abokinsu Abbas, mai wani jan doki matashi, shi ne kan gaba.

"Mudathir, ko mu nemo wa baban naka sanda ne?"

Aka kwashe da dariya.

"Kai, a hankali dai! Wannan dokin ai ya girmi iyakar da muka tsallako."

Mudathir ya haɗiye ta farko, ya haɗiye ta biyu. Da rana ta take suka iso wani busasshen gulbi mai yalwar rairayi, tafkin na can gaba ana hango shi. Abbas ya ce a yi tsere zuwa bakin ruwa, ya waiwayo ya ce, "Kai ka taho daga baya, za mu ajiye maka ƙasan shayi." Wani kuma ya zaro waya ya fara ɗaukar bidiyo.

Wayar nan ce ta ƙarasa Mudathir. Ya ji maganar kawunsa a kunne sarai, amma ya ce a ransa, sau ɗaya dai. Ya sa wa Akawal ƙaimi.

Jama'a, tsohon dokin nan bai taɓa ƙin umarnin wanda ke bayansa ba. Ya miƙe cikin rairayi da zafin rana, ya ba da duk abin da ya rage a jikinsa. Ya wuce na farko, ya wuce na biyu, ya kamo jan dokin Abbas ya wuce shi. Shi ya fara isa bakin tafki, kumfa na zuba daga bakinsa, ƙirjinsa na hawa da sauka.

Wuri ya kaure da ihu. Abokai suka sauko da Mudathir, suka ɗaga shi sama, Abbas na sara masa yana cewa, "Na bi! Wallahi na bi!" Aka ja shi inuwa, aka shimfiɗa tabarma, aka miƙa masa shayi. Kowa na son ya sake kallon bidiyon.

Ya zauna. Abin da aka ce kada ya yi, shi ya fara yi.

Akawal kuwa, da sirdi ɗaure tamau a bayansa, jiki sharkaf da gumi, ya ja ƙafa ya shiga tafki ya yi ta sha ba mai tsayar da shi. Da Mudathir ya tuna da shi, sai murna ta ƙara ruɗa shi. Ya cika kwano taf da gero ya dire masa, yana cewa, "Ci tukwicinka, yau ka fitar da ni kunya!"

Bayan la'asar dokin ya fara tonon ƙasa da kofato, yana waiwayen cikinsa. Cikin ya kumbura ya yi tauri. Ya kwanta, ya tashi, ya sake faɗuwa yana birgima. Mudathir ya yar da kofin shayi ya ruga.

Sai a lokacin ya kwance sirdin. Sai a lokacin ya kama ragama yana ja, yana roƙo, "Tashi mu zagaya, Akawal, don Allah tashi." Aka jiƙa kanwa aka ɗura masa. Abbas ya yi ta kiran wani likitan dabbobi a Maradi, ya ce ga shi nan tafe. Mutanen ƙauyen da ke kusa suka zo suka tsaya, wani tsoho a cikinsu ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Ashsha."

Kafin rana ta faɗi, Akawal ya miƙe wuya a kan cinyar Mudathir, ya ja dogon numfashi, ya yi shiru. Likita ya iso ya tarar ana haƙa rami.

Mudathir ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa. Ba wanda ya kunna wutar gashi a zangon nan. Abbas ya zauna gefe ya haɗa kai da gwiwa, wanda ya ɗauki bidiyon kuma ya goge shi ba tare da an ce ya goge ba.

Washegari motar kaya ta dawo da shi. Da suka kawo bakin ƙauye ya ce a sauke shi. Ya ɗora sirdin a ka, likkafun ƙarfe na sa ƙafa suna reto, linzami a kafaɗa, ya taka da ƙafa. Duk wanda ya gan shi sai ya kauce ya yi salati, don a ƙasar masu dawaki ba a tambayar mutumin da ya ɗauko sirdi a ka.

Malam Ahmadu na zaune a ƙofar gida tun hantsi, ya karkata kunne wajen hanya. Kullum Akawal ya kawo kwanar tsamiya sai ya yi haniniya. Ranar ba haniniya, ba kofato. Ƙarar ƙarfe kawai yake ji, ƙwal, ƙwal, tana matsowa.

Kafin Mudathir ya yi sallama, tsohon ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Likkafa na bugun 'yar'uwarta. Hasiya, babu doki a tsakaninsu."

Inna Hasiya ta fito ta ɗora hannu a ka. Mudathir ya zube a gabansa, ya dire sirdin. Malam ya lalubo sirdin, ya shafa shi, ya kai hanci yana shaƙar warin gumin da ya bushe a jiki. Tambaya ɗaya ya yi.

"Ka zagaya da shi?"

Mudathir ya kifa kai a ƙafafunsa ya fashe da kuka. Malam ya gyaɗa kai, hawaye na gangarowa daga idanun da ba sa gani. Bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Wallahi da ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ba a daɗe ba Mudathir ya sayar da babur ɗinsa da rabin kayan shago, ya sayo wani ƙosasshen doki kyakkyawa ya kawo. Malam ya shafa shi ya sa albarka. Ranar Juma'a aka taimaka masa ya hau. Ya saki linzami kamar yadda ya saba, ya ce, "Masallaci."

Dokin ya tsaya yana kaɗa jela. Can ya juya ya nufi dangar maƙwabta ya fara cizgar kara. Malam na zaune a sama, jama'a na kallo. A hankali ya ce, "Ku sauke ni."

Daga ranar bai sake hawa doki ba. Mudathir kan rufe shago ya zo ya riƙe masa sanda zuwa masallaci, amma gona da Daddara sun yanke, don Malam ba ya son ɗora wa kowa nauyi. Mutumin da ke yawonsa shi kaɗai ya koma zaman tabarma. Inna Hasiya ta ce sau da yawa da safe takan same shi tsaye a tsohon turken, da dusa a tafin hannu, sai ya tuna ya zubar.

Da damina ta yi nisa, jikin Malam ya ƙi. Ya sa aka kira Mudathir, ya lalubi hannunsa ya damƙa masa linzamin Akawal.

Ya ce, "Bar kukan nan, na yafe maka tun ranar. Ni na koya maka hawa, ashe ban gama koya maka sauka ba. Laifin namu ne mu biyu."

A wannan makon aka kai Malam makwancinsa. Linzamin na nan rataye a shagon Mudathir a Magama. Masu saye kan tambaye shi ko na sayarwa ne, sai ya sunkuyar da kai ya ce a'a, na aro ne.

Darasi: Abin da aka ara maka, ba ka san matsayinsa a rayuwar mai shi ba. A wajenka abin nishaɗi ne, a wajensa idanu ne da ƙafafu. Kada dariyar abokai ta sa ka karya amanar wanda ya yarda da kai, domin masu tafin za su watse, kai kaɗai za ka ɗauko sirdin zuwa gida. Kuma yafiya ba ta dawo da abin da ya tafi. Ka tura wa wanda ka san zuga na saurin ɗibarsa, wataƙila ka cece shi daga irin wannan nadama.