Wuƙar Kilishi da Gadon Maƙera

Ku gyara zama, ku masu son gardama, yau na kawo muku abin yi.

Akwai wani maƙeri, Nomau, da tsufa ya fara kama shi ta ido. 'Ya'yansa uku suka matsa masa sai da ya ajiye dutsen wasa wuƙa, ya sayo inji mai jan bel ɗin samfefa. Inji ya zo da sauri, ya kuma zo da rigima. Duk wuƙar da aka gurza, sai fuska ɗaya ta fi ɗaya cinyewa. Barau mai kilishi, wanda tun kakansa a gidan suke sayen wuƙa, ya maido guda huɗu. Ya ce in ya sa ta a nama sai ta karkace, sala, wato siririn yankan naman, ta fito nan kauri, nan huji.

Nomau ya juya wuƙa, ya duba inji, ya sauya bel, har hayaƙin turare ya yi wa injin, amma a banza. Abin ya ɗaure masa kai, kunya kuma ta ishe shi. Cikin ɓacin rai ya ce wa 'ya'yansa a gaban mutane, "Wallahi duk wanda ya daidaita mini wuƙar nan a cikinku, shi zai gaji maƙerar nan." Magana kuwa zarar bunu ce.

Babban, Jatau, hannunsa ba ya rawa. Ya kwantar da fuskar dama a kan bel, yana ja yana tsomawa a ruwa don kada ƙarfe ya ƙone, ta fito sumul. Da ya juya ɗaya fuskar, aiki ya koma hannunsa na hagu, sai ta soma karkacewa. Ya tsaya.

Na tsakiya, Mati, bahago ne, wanda ya sha duka yana yaro a kan cin tuwo da hagu. Ya karɓa, ya gurza fuskar da ta gagari wansa, ta kwanta lafiya lau. Amma shi ma da a ce fuskar dama aka ba shi, da ya ɓata ta. Sai dai aka rasa inda kowa zai tsaya, wannan ya rage, wancan ya rage, wuƙa tana ta ramewa.

Auta, Cindo, tsoron injin yake yi, ko kusa ba ya zuwa. Shi ya shafe wuƙar da baƙin tukunya, ya ja layi da ƙusa a tsakiyar bakinta. Ya ce kowa ya ci baƙin gefensa, in ya iso layi ya ɗaga hannu. Haka aka yi.

Barau ya gwada ta a naman cinyar bijimi. Sala ta fito har kana hango rana ta cikinta.

Murnar Nomau ba ta kai la'asar ba. Ya kalli Jatau ya ce shi ne, ya kalli Mati ya fasa, ya tuna Cindo ko bel bai taɓa ba, kuma ba don shi ba da yanzu wuƙar ta zama tsinke. Ya zauna ya yi tagumi, ga rantsuwa a wuya, ga maƙera ɗaya tak, ba ta rabuwa.

To, ku da kuke ji, wa zai bai wa a cikinsu ya kuɓuta daga rantsuwarsa?