Kwandon Tambai Mai Tuwo

Ga ta nan ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

A wani gari an yi wata kunkuru mai sayar da tuwo, sunanta Tambai. Rumbunta yana can bayan dutse, ga ta da nauyin tafiya. Sai ta ajiye kwando kusa da murhu, tana zuba kayan miya a ciki. Kwando ya cika maƙil. In ta kawo sabon abu, dole wani ya koma rumbu.

Sai ta tambayi maƙwabcinta Kurege abin da za ta riƙa fitarwa.

Ya ce, "Wanda ya riga shiga, shi zai riga fita."

Gishiri ne ya riga shiga. Sai ta mai da shi rumbu. Kura ta zo cin tuwo, ta kurɓi miya, ta tofar.

"Tambai, wannan miya ce ko ruwan wanki? Gobe in na ji haka, ke zan ci."

Tambai ta kwana a hanya ta ɗauko gishiri. Ta koma wa Kurege.

Ya ce, "To, rufe ido ki zaro duk abin da hannunki ya kama."

Ta rufe ido, ta zaro daddawa, ta kai rumbu. Kura ta zo, ta shinshina tukunya, sai ta shiga shinshinar Tambai. Da kyar Tambai ta sha, sai da ta ba Kura tuwo kyauta.

Ranar ba ta je wurin Kurege ba. Ta zauna ta ce, "Abin da nake taɓawa kullum ya zauna. Wanda hannuna ya daɗe bai taɓa ba, shi zai tafi."

Sai ta tona kwando. A can ƙasa ta tarar da wata ƙwarya a kife, duk yanar gizo. Ta ɗora a kai, ta nufi rumbu. Tana hawan dutse sai ƙwarya ta yi hamma.

"Ke, ina za ki kai ni?"

Ashe mijinta ne, Jatau, tun damina yake barci a ciki!

Ta ce, "Maigida, yaushe rabon da in aike ka?"

Ya ce, "Na manta."

Ta ce, "Ni ma." Ta ci gaba da tafiya.

Tun daga ranar miya ba ta sake ɓaci ba. In wuri ya yi kaɗan, abin da aka daɗe ba a nema ba ake fitarwa. Saboda haka, kai mai gyangyaɗi a baya, tashi ka ɗebo ruwa, kada a kai ka rumbu.

Kurunkus, ta ƙare.